Azumin Jiran Tambari a Gidan Alhaji Idi

Ruwan bana ya sauko ina zaune a ofis a Treichville, cikin Abidjan, ina duba takardun wata kwantenar kakawo, wanda ake yin cakulan da shi. Rufin kwanon sito ya ɗauki ƙara, warin jiƙaƙƙen buhu ya shigo ta taga, jiragen ruwan da ke tsaye a tasha suka dushe cikin ruwan tun rana ba ta faɗi ba. Abokiyar aikina ta yi min magana har sau biyu ban ji ba. Ni a lokacin ina Adjamé, a kan tabarma, da tulin goro a gabana da yunwar azumi a cikina. Yanzu azumi ya zame ya koma cikin zafi ya bar damina ita kaɗai, amma a waccan shekarar tare suka zo.

Ni 'yar Garwa ce, a arewacin Kamaru. Babana, Malam Hamidu, ya yi tuƙin babbar mota a ƙuruciyarsa, goro ya sha kawo shi Abidjan. A wajen fataken goro kowane baƙo yana da mai gidansa. Shi zai ba shi masauki, shi zai haɗa shi da mai kaya, in rigima ta tashi shi zai tsaya masa, kuma maganarsa ta isa. Mai gidan Baba shi ne Alhaji Idi, mutumin Ƙwanni ta Nijar, wanda ya zo unguwar Adjamé tun yana saurayi ya tsufa a bayan kasuwa. Da na samu gurbin karatun fiton kaya a wata makaranta a Treichville, Baba bai nemi ɗakin haya ba. Waya ɗaya ya buga. Alhaji ya ce a turo ni, shi ke nan aka gama magana.

Gidan yana manne da siton goro. Akwai Hajiya Rabi, matarsa, mai faɗa da baki da taushin hannu, akwai autarsu Nafi, sa'ata, haihuwar Abidjan, wadda Hausarta ke tafiya da sanda, in ta gaji ta hau Faransanci. Sun karɓe ni hannu biyu. Ban taɓa cin abinci a kwano daban ba.

Da bizar shekara guda na shigo. Da ta kusa ƙarewa, na sami Alhaji a bakin sito bayan la'asar, na durƙusa na ce ina so a raka ni ofishin da ake sabunta wa baƙi izinin zama. Ya dube ni kamar na ce a raka ni neman ruwa a tsakiyar tafki.

"Biza? Biza mi? Ma'u, tun ba a haihe ki ba nike garin ga, ban taɓa ganin kalarta ba. Mu Hausawa ba mu biza nan. Katin jakadanci kaɗai, shi ma sai ɗan sanda ya matsa."

"Alhaji, ai ni ta Kamaru ce."

"Kamaru, Nijar, duk boko na. Da wane baki kika yi min magana yanzu? To ke tamu ta. Tashi ki kai ma Hajiya goron ga."

Ba ƙarya ya yi ba, iyakar abin da ya sani ke nan. 'Yan Nijar da sauran maƙwabta na wannan yanki suna da yarjejeniyar shiga da zama ba biza. Kamaru ba ta ciki. Duk baƙin da ya sauka a 'yan shekarun nan daga Maraɗi suke, ko Tawa, ko Kano, kuma a idonsa duk mai cewa "ina kwana" ƙasarsu ɗaya. Na tambayi maƙwabta biyu, su ma dariya suka yi min. Ni kuma, gaskiya, maganar ta yi min daɗi a kunne. Wa ke son layi a ofis? Na mayar da fasfo ƙasan akwati na ci gaba da karatuna, watanni suka wuce.

Asirin ya tonu ne a ƙofar tashar jiragen ruwa. A shekarar ƙarshe dole kowane ɗalibi ya yi aikin koyo a wani kamfani a cikin tasha, in bai yi ba ba zai zauna jarrabawar fita ba, sai ya maimaita shekara. Na samu gurbi mai kyau. Na je karɓar katin shiga, mutumin ya buɗe fasfona, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya tura min shi ta ƙarƙashin gilashi da ɗan yatsa ɗaya. Kamfanin suka ce za su riƙe min wurin har ƙarshen azumi, bayan nan akwai masu jira. A ofishin baƙi kuma aka karɓi fasfon aka ba ni wata 'yar takardar shaida, aka ce in jira. Aka kuma ce akwai tara, kuma tana tafiya kullum har ranar da za a buga sabon tambari. Kwana biyu bayan nan aka ga wata, hadari kuma ya taso daga teku.

Mu a Garwa ruwa baƙo ne mai kunya. Ya yi gangami, ya zubo, ya tafi, rana ta fito ta shanye. Na Abidjan kuwa zama yake zuwa yi. Sai ya kwana uku yana zuba a hankali ba iska ba tsawa, sama da ƙasa su zama launi ɗaya. Kwatocin Adjamé suka cika suka tumbatsa, ledoji da ɓawon ayaba suna yawo a ƙofar gida. Masu kura suna tura kaya ruwa har gwiwa, sun rufa da leda, suna ihun a ba su hanya. Wanki ba ya bushewa. Takalmina na fita ya yi furfura a ƙarƙashin gado, littattafaina suka kumbura, gishiri ya narke a gwangwani. Ba ma ganin faɗuwar rana, sai dai mu kasa kunne ga lasifikar masallaci, ita ma ruwa ya sa muryarta ta dishe.

Ƙishirwa ba ta dame ni ba a wannan azumin. Yunwa ce, irin mai zuwa da sanyi, wadda ke sa mutum ya ji jikinsa ba nauyi, tunaninsa ya yi ta shawagi. Kasuwa ta tsaya, don motocin arewa sun maƙale a hanya, masu saye ba sa zuwa. Kuɗin da Baba ke aiko min duk wata yana nan a shagon aike, ba a ba ni sai da fasfo. Ban gaya wa Baba komai ba. In ya kira sai in ce karatu lafiya, ruwa ne dai ya yi yawa. Da yamma Hajiya takan yi ta fama da jiƙaƙƙen gawayi, tana fifita tana zaginsa, hayaƙi ya cika tsakar gida. Mu sha ruwa da kunun gero da ƙosai, in an samu atiyeke, dambun rogon ƙasar, da ɗan kifi a raba shi gida huɗu. Na lura kasona ya fi na Nafi girma kullum, na kuma lura Nafi ta lura ba ta ce komai ba.

Tunda ba makaranta ba tasha, sai Hajiya ta ja ni sito. "Zaman tunani ba shi kawo tambari. Taho ki koyi abin da ka ciyar da mu." Goro ba ya son a manta da shi. Duk 'yan kwanaki sai an kwance huhu, a zube shi a tabarma, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata 'yan uwansa, a ware fari da ja, a ware manyan marsa da ƙananan minu, a shimfiɗa sabon ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Mu mata shida ko bakwai muke zama da'ira, ƙafafu a miƙe. Da safe a yi hira, a yi gulmar masu kura. In azahar ta wuce baki ya mutu, sai ƙarar goro yana faɗawa kwando da ƙarar ruwa a kwano. Hajiya, wadda in ba azumi ba ba ka ganin bakinta ba goro, takan ɗauki marsa fari ta shinshina, ta lumshe ido, ta ajiye da tsaki. A irin wannan shirun nakan ga kogin Binuwai a gabana, da yashinsa na rani, da Baba a gindin darbejiya yana gyara rediyonsa, sai Nafi ta zungure ni ta ce na jefa ja cikin fari.

Duk mako nake komawa ofishin. Benci ne dogo a baranda, ruwa na feso mana ƙafa, muna zaune baƙi kala-kala kowa da ledar takardunsa a ƙirji. In layi ya zo kaina, matar da ke bayan gilashi ta duba, ta ce, "Pas encore, ma fille. La semaine prochaine." Wato ba yanzu ba, sai mako mai zuwa. Ba ta taɓa yi min tsawa ba, da ma ta yi, da na samu wanda zan ji haushi. Daga nan ba na iya komawa gida kai tsaye. Sai in hau jirgin fasinja in ƙetare tafkin da ya ratsa birnin zuwa Treichville. Ruwan toka-toka, kainuwa na tafiya a kansa a hankali, dogayen benaye sun shige cikin gajimare rabi. Ina sauka in taka har kusa da ƙofar tasha, in tsaya ƙarƙashin rumfar mai sayar da garba, wato atiyeke da soyayyen kifi, in kalli 'yan ajinmu suna shiga da rigunansu masu ƙyalli da kati a wuya. Iskar wurin warin kifi ce da kakawo. In na ga wadda ta san ni sai in juya baya.

Tun ranar da na dawo daga tasha da labarin, Alhaji ya daina zama a bakin sito in ina ciki. Wata safiya a tsakiyar azumi sai ga shi ya fito da shaddarsa ta Juma'a, da hula, da lema, da ƙunshin ganye a hannu.

"Mu tahi. Yau ni ka magana."

A ofis bai zauna a benci ba. Ya nufi gilashin, ya yi sallama, ya gaida matar da Julanci, yaren kasuwar garin, ya tambayi gidanta da yaranta, sannan ya kwance ganyen. Marsa ne fari tas, irin wanda ake kai wa surukai. Ya tura mata.

"Ni na mai gidanta. Ubanta ni ya ba amana. Kowa ya san Idi a kasuwar Adjamé. In ta gudu a kama ni, in ta yi laihi a ɗaure ni. Ki ba ta takardarta, karatunta ka lalacewa."

Na fassara mata cikin Faransanci. Matar ta saurara har ƙarshe, ta yi murmushi, ta naɗe ganyen da kyau ta turo masa.

"Papa, yako. Mais ici, c'est le dossier qui parle."

Alhaji ya juyo gare ni. "Mi ta ce?"

"Ta ce sannu. Ta ce a nan takarda ce ke magana."

Ya daɗe yana kallon ƙunshin. A duk rayuwarsa ya ga an ƙi farashi, ya ga an ƙi aure, amma bai taɓa ganin an mayar wa dattijo goronsa ba. Ya sa shi a aljihu. A woro-woro, tasin da muke cushewa mu biyar, har muka iso Adjamé tausayinsa ya hana ni jin nawa.

Da aka shiga goman ƙarshe ya kira ni, Hajiya na zaune.

"Na samu hanya. Akwai wani yaro nan bayan tashar mota, shi ka shirya ma mutanenmu takardu. In na ce ke ɗiyata ta, haihuwar Ƙwanni, kwana kaɗan kati ya hito. Da shi za ki shiga tasha, ba biza ba tara. Makaranta ma ya san wanda za shi gyara. Suna kaɗai za a canza. Asma'u Idi. Mi a ciki? Da ma ke ɗiyata ta."

Hajiya ta dubi ƙasa. Ni na ce to.

Zan faɗi gaskiya, na so abin. Kwana biyu ina tsintar goro ina juya sunan a bakina, Asma'u Idi, Asma'u Idi, har ya fara zama daidai. Na ƙera wa kaina Ƙwannin da ban taɓa gani ba, da gidan ƙasa da rumbu da wata kaka mai kiran sunana. Na ga kaina da riga mai ƙyalli ina wucewa ta ƙofar tasha ba mai juya min shafi. Nafi har ta fara tsokanata, tana ce min Yaya da Faransanci. "Grande sœur, yanzu gado ma sai mun raba, hein?" Na yi dariya, dariyar gaske.

Shagon mutumin ɗan ƙarami ne, rabinsa wurin ɗaukar hoto, da farin ƙyalle a bango wanda danshi ya yi wa taswira. Ruwa na dukan kwano har sai an ɗaga murya. Ya zaunar da ni, ya ce in gyara ɗankwali kunne ya fito, ya ɗauki hoton. Sannan ya jawo kujera gaban na'urarsa, Alhaji na tsaye a kaina da lema tana ɗiga.

"Suna?"

"Asma'u."

"Sunan uba?"

Na shirya amsar tun daga gida. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Hamidu."

Ba jarumta ba ce, ban yanke shawarar komai ba. Bakina ne ya faɗi abin da ya saba faɗi tun ina ajin farko. Mutumin ya ɗago ya dubi Alhaji. Sannan ya ce min, "A sake. Sunan uba?" Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Sunan Alhaji gajere ne, amma ya ƙi fitowa, hawaye suka zubo. Na ji kunya kamar in nutse, ga mutumin da ya ciyar da ni shekara biyu a tsaye yana jira in kira shi uba a gaban baƙo.

Alhaji ya buɗe lemarsa tun muna cikin shagon.

"Bar shi, yaro. Goge hoton. Tashi, Ma'u, mu tahi gida."

A hanya shi ya riƙe min lemar, rabin shaddarsa ya jiƙe sharkaf. Wajen masu tumatir ya tsaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Hamidu ya iya haihuwa."

Aka yi Sallah cikin yayyafi, aka yi idi a kan ledoji. Na sa atamfar da Hajiya ta ɗinka mana iri ɗaya da Nafi, na ci naman da ba na jin ɗanɗanonsa. Washegarin hutu kamfanin suka kira, cikin ladabi, suka ce sun ba wani wurin. Na ce na gode. Na koma sito na zauna a da'ira, ba wadda ta tambaye ni, Hajiya dai ta matso da ƙafarta ta jingina da tawa.

Tambarin ya fito bayan Sallah da kamar mako biyu, ranar da rana ta leƙo karon farko har mutane suka fito da katifu. Tarar ta haɗa har da kwanakin da fasfon ya yi a hannunsu. Alhaji ya sayar da huhunan da yake ɓoyo sai goro ya yi tsada, ya biya, ya hana ni ganin rasit. Na karɓi fasfon yana warin danshi. Tambarin ɗan ƙarami ne, shuɗi, ya ɗan karkace. Na yi ta kallonsa ina mamakin wai wannan ne.

Saura Baba. Da la'asar na zauna a bakin sito na kira shi, na gaishe shi, na tambayi Inna da ƙannena, na tambayi zafi, na rasa ta inda zan fara. Alhaji na kan bencinsa yana ji. Ya miƙo hannu.

"Ba ni shi."

Ya kara wayar a kunne, ya gyara zama kamar Baba na gabansa.

"Malam Hamidu, Idi na. Lahiya lau. Ka saurara, ba gaisuwa na kira ba. Yarinya ba ta gama bana. Ba ta da laihi ko kaɗan. Ta zo ta tambaye ni, ni na hana ta, da bakin ga nau. Ka ba ni amana, na ci mata shekara guda." Ya share fuska da tafin hannu. "Akwai wani abu kuma da na so in yi, wanda ya hi wannan muni, ita ta hana ni. Ba ni hwaɗa maka shi yau. Abin da nika roƙo, ka bar min ita wata shekara. Ci da sha da makaranta duk nawa na."

Ban ji abin da Baba ya ce ba. Ya daɗe yana magana, Alhaji na cewa "to, to," kansa a sunkuye. Sannan ya miƙo min wayar ya tashi ya shige sito.

"Ma'u."

"Na'am, Baba."

Ina jin kukan tumaki a bayansa, da wani babur yana wucewa ta ƙofar gidanmu.

"Na riga na gaya wa mutanen masallaci kina dawowa da takardarki kafin Layya." Ya yi gyaran murya. "Ba komai. Gobe sai in ce musu baɗi."

Ya kashe wayar da sauri ba sallama, abin da bai taɓa yi min ba. Na zauna da fasfon a cinyata na yi kukan da ban yi ba duk daminar.